Mu riƙa karɓa-karɓa a kwamitin taron shekara

'Yan uwa magoya bayan Arsenal, ga 'yar shawara kan taronmu na bayan Sallah. Kada mu sake ɗora wa mutum ɗaya komai. Bara wanda ya riƙe kuɗi shi ya nemo wuri, shi ya yi hayar kujeru, ko shinkafar bai samu ya ci ba. Bana ko waya ba ya ɗauka, kuma ban ga laifinsa ba.

A sa mutum huɗu. Duk shekara biyu su sauka, biyu su zauna su koya wa sababbi. Mai sauka ya miƙa littafin kuɗi da lambobin mai rumfa da mai janareta tun kafin azumi, domin da an ga wata kowa hidimar gidansa yake yi.