Yadda za ka tara ƙwanji ba tare da ka gajiyar da zuciyarka ba

Duk mai ɗaga ƙarfe da ya ɗan jima a harkar ya san wannan ciwon, kullum ka tsaya gaban madubi sai ka ga kamar ba ka yi komai ba, alhali mutane na ta ce maka kai wane ka murɗe fa. To matsalar ita ce madubi damtse da ƙirji kawai yake nuna maka, ba ya nuna zuciya da ƙoda da hanta, kuma su ne ke biyan kuɗin duk kilon da ka ƙara. Don haka abu na farko, tun kafin ka ƙara cin abinci ko ka ƙara faifai a kan sanda, ka yanke wa kanka iyaka: nauyi kaza zan tsaya, kuma in awon jinina ya wuce kaza zan ja da baya ko da jikin bai kai inda nake so ba. Ka rubuta, don in ka fara girma kwaɗayi ba zai bar ka ka tuna ba.

Sai awo. Ka mallaki na'urar auna hawan jini, amma ka lura da faɗin abin ɗaurawar, mai ƙaton damtse in ya sa ƙarami lambar tana hawa fiye da gaskiya. Kusan 120/80 shi ne daidai, in kana ganin 140/90 ko sama a kai a kai to wannan hawan jini ne, ba wai "ai jiya na ci gishiri" ba. Aƙalla sau ɗaya a shekara ka yi gwajin jini na kitse da suga da hanta da ƙoda da kaurin jini. Ka gaya wa likita kai mai ɗaga ƙarfe ne kuma ka faɗi duk abin da kake sha, saboda mai tsoka da yawa kiriyatinin ɗinsa, wato sinadarin da ake aunawa a jini don duba ƙoda, kan ɗan hau ko da ƙodarsa lafiya lau, akwai wani gwajin da ake kira sistatin C da ya fi faɗin gaskiya a irin jikinmu. In matarka ko abokin ɗakinka na cewa kana minshari har numfashi na ɗaukewa, kar ka mai da shi abin dariya, kaurin wuya na jawo hakan kuma yana ɗaga jini.

Wajen tirenin, mutum biyu sun ishe ka misali. Lee Haney ya ci Mr. Olympia, babbar gasar masu ƙwanji ta duniya, sau 8, daga 1984 zuwa 1991, kuma abin da aka san shi da shi shi ne a zaburar da tsoka amma kar a ragargaza ta. Ronnie Coleman shi ma sau 8 ya ci, 1998 zuwa 2005, yana durƙusawa da kusan kilo 360 a kafaɗa, daga baya aka yi ta masa aiki a baya da ƙugu har tafiya ta koma sai da sanda. Ba wanda zai raina Coleman wallahi, amma kai da ba kofi za a ba ka ba, me ya kai ka? Tsoka tana girma da saiti 10 zuwa 20 a mako ga kowane sashe na jiki (saiti shi ne jerin ɗagawa a jere kafin ka huta), kana tsayawa saura ɗagawa ɗaya zuwa uku kafin ƙarfinka ya ƙare gaba ɗaya, kana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Jijiyoyi da gaɓoɓi ba sa ƙarfi da saurin tsoka, shi ya sa za ka ga mutum na benci, wato tura ƙarfe sama daga ƙirji a kwance, lafiya lau kwatsam tsokar ƙirji ta tsinke daga kafaɗa, wurin ya kumbura ya yi baƙi har damtse. In gwiwar hannu ko kafaɗa ta fara zogi ka canza motsin, kuma bayan wasu makonni na wahala ka ɗauki mako guda ka rage kaya.

Kuma don Allah a daina gudun tafiya da keke wai za su cinye tsoka. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako take cewa na motsa jiki matsakaici, wannan ba zai rage maka damtse ba, zuciyar da ke tura jini cikin kilo 100 ta fi kowa buƙatarsa.

Abinci ba sai an tsawaita ba. Furotin giram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na nauyinka a rana, ƙarin kalori 300 zuwa 500 a kan abin da jikinka ke ƙonawa, ganye da 'ya'yan itace, barci awa 7 zuwa 9. Kiriyatin, garin da ake sha don ƙarin ƙarfin tsoka, giram 3 zuwa 5 a rana ya wadatar. Wannan cin hauka da ake yi da sunan ƙara jiki, rabinsa teɓa ce da za ka zo kana wahalar saukewa.

To sai maganar allura, wadda ita ce ainihin inda ake mutuwa. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce girman da kake gani a manyan gasanni ba abinci da ƙarfe kaɗai ke kawo shi ba. Siteroyid, wato sinadarin maza na haɗi da ake yi wa jiki allurarsa ko a haɗiya don tsoka ta girma, yana saukar da kitse mai kyau a jini, ya ɗaga hawan jini, ya sa jini ya yi kauri, bangon zuciya ya yi kauri har ta kasa saki da bugawa yadda ya kamata, na haɗiya kuma hanta suke duka. Jiki yana daina yin nasa sinadarin na maza, maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wani nono ya fito masa. A cikin 'yan gasar ƙwanji, Dallas McCarver shekara 26 gare shi da ya rasu a 2017, binciken gawa ya nuna zuciyarsa ta girma sosai fiye da kima. Andreas Münzer ya tafi a 1996 yana da 31. Insulin kuwa in ba ka da ciwon suga yana iya saukar da suganka ka sume cikin ɗan lokaci, maganin sa fitsari da ake sha don busar da jiki kafin hawa dandali yana rikita gishirin jini har zuciya ta tsaya, shi ake dangantawa da mutuwar ɗan gasar ƙwanji Mohammed Benaziza a 1992. Man da ake ɗura wa damtse don ya kumbura ma ba tsoka ba ne sam, ƙurji da ruɓewa yake kawowa.

Ni shawarata kar ka fara. In kuma ka riga ka fara, kar ka ɓoye wa likita, kar kuma ka bi tsarin wani ɗan jim don kawai ya fi ka ƙirji. Ka nemi a yi maka hoton zuciya, a riƙa duba jininka fiye da sau ɗaya a shekara, dainawar ma da likita ake yin ta saboda kasala da baƙin ciki da mutuwar sha'awa kan biyo baya na watanni. Ciwon ƙirji, haki daga hawa bene kaɗan, kumburin ƙafa, idanu su yi rawaya ko fitsari ya yi baƙi kamar shayi, duk wanda ka gani a cikinsu ka ajiye ƙarfen ka tafi asibiti ranar, ba sai ka gama tirenin ɗin makon ba.