Yadda za ki riƙe zuciyarki in za ki yi magana mai nauyi da maigida

Ƴan uwa mata kun yi ta tambayata, to ga shi.

1. Ki zaɓi magana ɗaya tak, in kuɗin cefane ne to shi kaɗai.
2. Ki bari ya ci ya huta, ba yana shigowa daga kasuwar Dole cikin ranar nan ta Damagaram ba.
3. Ki tura yara waje.
4. Ki fara da "Malam, raina ya ɓaci."

Hattara, nan ake ɓata abu, murya na fara rawa sai a jawo laifin bara har da na uwarshi, don Allah kar ki fara.

5. Ki ja numfashi a hankali, ki yi a'uzubillahi.
6. In kina tsaye ki zauna.
7. In zuciya ta ƙi, ki ce a bari sai bayan isha'i.

In yana dukanki kuwa, ki sanar da magabatanki.