Yadda Ake Shirya Shugabanni Kafin Zaman Tsara Alƙiblar Shekara

Sau da yawa, tun kafin a shiga ɗakin taro ake gane ko zaman tsara alƙiblar shekara zai haifar da ɗa mai ido. Idan ba a yi shiri ba, shugabannin sassa sukan zo kowa da nasa alƙaluman, a kwashe rabin yini ana musu a kan lissafin wa ya fi zama daidai, daga bisani a tashi da dogon jerin buri wanda babu wanda aka ɗora wa alhakin cika ko ɗaya daga ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ya kamata mai shirya zaman ya soma aikinsa kamar makonni shida kafin ranar.

Da farko, a zauna da babban shugaba a fitar da shawarwarin da dole a yanke a zaman, kuma kada su wuce uku ko huɗu. A rubuta su a matsayin tambayoyi masu buƙatar amsa. Idan aka rubuta "batun rassa" a ajanda, kowa zai tofa albarkacin bakinsa a watse ba tare da matsaya ba, amma idan aka rubuta "shin za mu buɗe sabon reshe a bana, ko kuwa mu zuba kuɗin a rassan da muke da su?", dole kowa ya nuna inda ya tsaya.

Daga nan sai a daidaita alƙaluma. Sashen kuɗi ya fitar da rahoto guda wanda kowane shugaban sashe zai duba, ya gyara abin gyara, ya amince da shi mako biyu kafin zaman. Kada rahoton ya tsaya a kan riba da faɗuwa kawai. Tsarin awo da Robert Kaplan da David Norton suka gabatar a 1992 ya nemi a dubi fuskoki huɗu: kuɗi, abokan ciniki, yadda aiki yake gudana a cikin gida, da kuma koyo da bunƙasar ma'aikata. Ko ba a ɗauki tsarin dungurungum ba, fuskokin nan sun isa su nuna inda rahoton yake da giɓi.

A ganina, matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma wanda aka fi tsallakewa, shi ne ganawa da kowane shugaba shi kaɗai na tsawon kamar minti arba'in. Akwai maganar da mutum ba zai taɓa furtawa a gaban maigidansa da takwarorinsa ba, amma idan aka rufe ƙofa aka ba shi tabbacin ba za a ambaci sunansa ba, sai ka ga ya ajiye biro, ya sassauta murya, ya ce aikin nan da ake ta yabo a taro ya daɗe da mutuwa, kunya ce kawai ta hana a binne shi. A tambaye shi abin da ya yi kyau a bara da dalilinsa, da abin da kowa ya sani amma ba a faɗa, da aikin da zai dakatar gobe idan wuƙa da nama suna hannunsa. Tambayar ƙarshen nan ita ce mai wuya, domin kowa yana son ƙara sabon shiri, ba kowa yake son sakin tsoho ba, alhali kuɗi da ma'aikata da lokaci ba sa ƙaruwa saboda an ƙara buri. Mai shiryawa ya tattara amsoshin ba tare da sunaye ba, ya ware wuraren da aka yi saɓani, domin a kansu ya kamata a kashe mafi yawan lokacin zaman.

Sai a haɗa wannan duka a takarda guda gajeriya. Kamfanin Amazon ya shahara da wata al'ada da Jeff Bezos ya kafa a 2004, inda aka daina haska taƙaitattun bayanai a allo a tarukan manyan shugabanni, aka koma rubuta bayani cikin cikakkun jimloli wanda bai wuce shafi shida ba, ana karanta shi shiru a farkon taro. Dabarar tana da amfani ko ga ƙaramar ƙungiya, saboda mai rubuta cikakkiyar jimla ba ya iya ɓoye raunin hujjarsa, kuma karatun tare yana maganin masu zuwa ba su ko buɗe takardar ba.

Shi ma babban shugaba yana buƙatar shiri. A nemi ya yarda ya riƙa magana a ƙarshe, domin da zarar ya bayyana ra'ayinsa da wuri, sauran sukan bi sahu ko da ransu bai kwanta ba. Zai fi kyau wani dabam ya jagoranci tattaunawar. Haka kuma, a sanar da mahalarta tun da wuri cewa za a gwada dabarar da masanin halayyar ɗan'adam Gary Klein ya yaɗa, wato a ƙaddara cewa shekara ta ƙare kuma shirin ya rushe, sannan kowa ya rubuta dalilan rushewar shi kaɗai kafin a karanta su. Wannan yana ba mai shakka damar magana ba tare da an ɗauke shi ɗan adawa ba.

Batun wuri da wayoyi ba ya buƙatar dogon bayani: a fita daga ofis idan da hali, a ajiye waya sai lokacin hutu. Abin da ba za a manta ba shi ne a shigo da takardar matsaya, wadda aka tanadi gurbin sunan mai alhaki, da ranar kammalawa, da kuɗin da aka ware a gaban kowace shawara. A kuma sanya ranakun bibiya na kowane wata uku a kalandar kowa tun kafin a aika takardar gayyata.