Yadda Ake Sirka Tataccen Man Tsirrai Kafin Ya Taɓa Fata

Ƙananan kwalaben nan masu duhu da ake sayarwa a shagunan kayan kwalliya na Sabon Gari da Tudun Wada, irin su man kanumfari, man na'a-na'a, man kirfa, man lafanda da man bishiyar turare, ba a shafa su tsurarsu. Ana turara ganye ko ɓawo ko fure mai yawa kafin a tace ɗan abin da zai cika kwalba guda, shi ya sa ɗigo ɗaya ke da ƙarfin da zai ƙona fata. Kamar tafasasshen ruwan wanka ne, sai an sirka. Sai dai shi ruwa ba ya sirka shi, don mai da ruwa ba sa haɗuwa. Ɗigon zai taso sama ne ya manne a jiki da cikakken ƙarfinsa. Da wani man mai sanyi ake sirkawa.

Man sirkin kuwa muna da shi a gida. Man riɗi da man zogale ba su da nauyi, fata na shanye su da wuri, sun dace da fuska. Man kwakwa ya fi kyau ga jiki da gashi, amma yana toshe ƙofofin gumi ga mai ƙurajen fuska, kuma yana daskarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 24, abin da ake gani kowace safiya a hunturun Zariya. Man zaitun yana da kauri, ya dace da tausa. Man kaɗanya shi ne na kaushi da faso. Man gyaɗa ma yana yi, ban da wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Duk wanda za a ɗauka a shinshina tukuna: in ya fara warin tsufa, a bar shi.

Awo shi ne zuciyar aikin. A sayi sabon sirinji mai mililita 5 a kemis, a cire allurar, domin cokulan gida girmansu ba ɗaya ba ne. Ana lissafin kusan ɗigo 20 a mililita 1. Saboda haka ɗigo 1 a cikin mililita 5 na man sirki ya zama kashi 1 cikin 100. Ga baligi mai lafiya da zai shafa a jiki, kashi 2 ya wadatar, wato ɗigo 12 a kwalba mai mililita 30. Ga fuska, ga tsofaffi, da mai fatar da ba ta jure abu, a tsaya a ɗigo 3 zuwa 6 a wannan kwalbar. Idan wuri ɗaya ne ke ciwo, kamar gwiwa ko ƙugu, ana iya kaiwa ɗigo 18 na 'yan kwanaki, sannan a dakata. In mai iri biyu ko uku za a haɗa, jimillarsu ake ƙirgawa, ba kowanne da nasa 12 ba. Nan mutane da yawa ke ninka ƙarfin ba su sani ba.

Wannan lissafin bai shafi masu zafi ba. Man kanumfari kada ya wuce rabin kashi 1 cikin 100, wato ɗigo 3 a mililita 30. Man ɓawon kirfa ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba: ɗigo 1 a mililita 100, kuma a ganinmu gara a bar shi ga ƙamshin ɗaki. Man lemun tsami da aka matso daga ɓawo yana ɗauke da sinadarin da rana ke tayarwa, sai wurin ya yi ja, ya yi bororo, ya bar baƙin tabo na watanni. Kada ya wuce ɗigo 4 a mililita 30, a shafa shi da dare, a kuma kare wurin daga rana na awa 12. Ana tallarsa a matsayin maganin tabo, alhali in an yi ganganci shi ke jawo tabon.

Wajen haɗawa, a samu kwalbar gilashi mai duhu, wankakkiya, busasshiya sarai. A fara zuba man sirkin, a karkata kwalbar tataccen man ana ƙirga ɗigon da baki, a rufe, a murza tsakanin tafin hannu na minti guda. In man kaɗanya ne, a sa shi a kwano, a ɗora kwanon cikin ruwan zafi har ya narke, a sauke, a jira ya huce ya zama ɗumi-ɗumi kafin a ɗiga. In da zafinsa aka zuba, ƙamshin zai bi iska. A yi ta juyawa har ya fara kamawa, in ba haka ba tataccen man zai taru gefe guda. A manna takarda a rubuta abin da ke ciki, yawan ɗigo da ranar haɗawa. A haɗa kaɗan, wanda zai ƙare cikin wata 2 ko 3, a ajiye nesa da taga da murhu, musamman a zafin Maris da Afrilu. Zafi da iska na canza sinadaran man, kuma tsohon mai ya fi sabo saurin tayar da ƙaiƙayi.

Kafin a shafe jiki, a ɗan goga a cikin hannu, ƙasa da gwiwar hannu, a jira awa 24 zuwa 48. In ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙananan ƙuraje, wannan haɗin ba naka ba ne, ko da ya karɓi kowa a gidan. In ya fara ƙuna nan take, a goge da auduga da man sirki zalla, sannan a wanke da sabulu da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15, a tafi asibiti.

Jarirai da yaran da ba su kai shekara 2 ba, man kaɗanya ko man kwakwa zalla ya ishe su. Man na'a-na'a da na bishiyar turare kada su kusanci hanci ko fuskar ƙaramin yaro ko da mura yake yi, domin suna iya danne masa numfashi. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai asma da mai farfaɗiya su tambayi likita tukuna. Ba a shafawa a kan buɗaɗɗen ciwo ko al'aura, ba a kuma sha. Kwalbar a ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. In har ya kurɓa, kada a sa shi amai, a ɗauki kwalbar a garzaya da shi asibiti mafi kusa.