Yadda ake jan yaran Kabul zuwa aji da katako mai taya

Bari in fara gyara wani abu tukuna, in kaji nace sket ba siket ɗin mata nake nufi ba. Wani ɗan katako ne kamar allon makaranta amma ya fishi tsawo, an ɗaura masa ƙananan tayoyi huɗu a ƙasa, ka ɗora ƙafa ɗaya akai ka tura da ɗayar sai ya kwashe ka. Sketbod ake ce masa. Da wannan abin ne wani ɗan Ostireliya mai suna Oliver Percovich ya fara tara yara a Kabul babban birnin Afganistan a 2007, guda uku kacal ya shigo dasu ƙasar, daga baya abin ya girma ya zama ƙungiyar Skateistan. Na daɗe ina bin labarinsu, kuma abin da yake ɗan bani haushi shine mutane suga hoton yarinya da ɗankwali da hular kwano tana gudu akan katako suce kai abin sha'awa su wuce, ba mai tambayar ya akayi ubanta ya barta ta fito. To akwai yadda akayi, kuma shi nake so in zayyano ma wanda keda niyyar irin wannan aikin da yaran Afganistan.

Abu na farko ka nemi wasan da bashi da mai shi. Wannan shine sirrin gaba ɗaya in ka tambaye ni. A can ƙwallon ƙafa na maza ne, buzkashi kuwa wanda mahaya ke kokawar fizgar gawar akuya akan dawakai ba'a ma maganarsa, keke ma in yarinya ta hau a titi ya zama abin magana a unguwa. Amma sket ba wanda ya taɓa ganinsa, babu dattijon da ya gaji wani hukunci akansa daga kakansa, iyaye suka ɗauke shi kayan wasan yara kawai. Kafin a farga 'yan mata sun hau, kuma tunda kowa ɗan koyo ne ba yaron da zai ce ma yarinya matsa ba naku bane, shima yanzu ya gama faɗuwa a gabanta. Shi yasa aka kai lokacin da 'yan mata suka kai kusan kashi 40 cikin ɗari na ɗalibansu, a ƙasar da samun mace a filin wasa aiki ne ja.

Sannan kada ka zauna jiran gini, je inda yaran suke. Su Skateistan sun fara ne a unguwar Makroyan, cikin wani tsohon wurin feshin ruwa na ado da aka gina tun zamanin Sobiyat, ruwa ya daɗe da ƙafewa ya bar wani ƙaton kwano na siminti mai santsi, kamar dama dan sket aka yi shi. Kullum da yamma sai a share ƙura a ajiye katakai. Yaran benayen unguwar su sauko da takalmansu masu kyau, ga kuma yaran titi, masu tallan cingam da masu wanke mota da waɗanda ke yawo da gwangwani mai garwashi suna kaɗa hayaƙin isfand a tagar motoci wai maganin kambun baka a basu ɗan canji, wasu da silifas wasu ma ƙafa ba komai. Yaro ya ajiye gwangwaninsa a bakin kwanon hayaƙi na tashi, ya karɓi katako, ya sheƙa, ya faɗi, ya tashi yana dariya. Ɗan Pashtun da ɗan Tajik da ɗan Hazara da ɗan Uzbek, wato ƙabilun ƙasar, duk layi ɗaya suke bi saboda katakon bai isa kowa ba, kaga dole ka jira wanda a gida ance maka ba'a zama dashi. Ƙarancin kayan ma amfani yayi, dan haka kar ka ce sai ka tara ɗari zaka fara.

Amma fa titi na farawa ne kawai, ba wurin zama bane. Da zarar yarinya ta fara tasawa ta kai sha biyu sha uku shikenan an janye ta, ba uban da zai yarda 'yarsa tana tsalle maza na tsaye suna kallo. Dan haka da ka samu yaran sun saba, nemi rufi da katanga da ƙofa mai makulli. Su a watan Oktoban 2009 suka buɗe nasu a filin da kwamitin Olamfik na ƙasar ya basu kusa da filin wasa na Ghazi, murabba'in mita 1,750, ciki harda azuzuwa, sai na birnin Mazar-i-Sharif a 2013. Ga kuma maganar tsaro wadda ba wasa bace, a ranar 8 ga Satumban 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam kusa da hedikwatar sojojin NATO a Kabul inda yara ke talla, huɗu daga cikin waɗanda suka rasu ɗalibansu ne. Allah ya jiƙansu. Ba a wurin wasan abin ya same su ba, a titin da suke neman na abinci ne, kuma duk awa ɗaya da yaro yayi cikin ginin nan ya rage ta ne daga wadda zai yi a can.

Yanzu ga inda aikin yake na gaske. Sket ɗin ƙugiya ce kawai, abin da ake so a kamo yaro a kai shi aji. Ka kafa doka tun ranar farko kuma kar ka sassauta ko da yaro ya fi kowa iyawa: awa ɗaya wasa, awa ɗaya aji. Ba aji ba katako. Kuma ajin kar ya zama irin na allo da bulala wanda dama shi suka gudo ma, zane ne da ɗaukar hoto da wasan kwaikwayo da maganar tsafta da muhalli da haƙƙin yara, abin da yaron da bai iya karatu ba zai iya sa hannu ba tare da an masa dariya ba. Waɗanda basu taɓa shiga boko ba ko suka fita sai ka ware musu nasu shirin daban, Skateistan a lokacin sun riƙa haɗa karatun aji uku cikin shekara ɗaya, kwana biyar a sati, da harshen Dari da lissafi da sauransu, in yaro ya gama su da kansu zasu je su yi masa rajista a makarantar gwamnati. Kar ka raina wannan na ƙarshen, cike takardu da bin ofis shine abin da ke kayar da iyayen da basu yi karatu ba, in ka barsu dashi yaron zai koma gwangwaninsa. Kuma ka dafa abinci. Yaron da ya bar talla ya zo wurinka ya bar kuɗin burodin gidansu ne, in ya koma da yunwa gobe uwarsa bazata sake shi ba kuma tana da gaskiya.

Iyaye kuwa ba'a aika musu takarda, zuwa ake. Ka tura mace ɗaya daga ma'aikatanka ta cire takalmi ta zauna akan darduma ta sha koren shayi, kofi ɗaya kofi biyu kafin ma a taɓo maganar, kuma wataƙila sai an koma sau uku. Abin da uba zai tambaya sananne ne, wa zai koyar da ita, maza zasu ganta, ya zata je ta dawo. Amsarka ta zama a shirye kuma ta zama gaskiya: ranakun mata daban ranakun maza daban, ranar mata malamai mata ne zalla a ciki, ga mota zata ɗauke ta ta dawo da ita, kuma kyauta ne ba ko sisi. Ka gayyaci uwar tazo ta gani da idonta. In kayi ƙarya a ɗaya daga cikin waɗannan ba yarinya ɗaya zaka rasa ba, layin ne gaba ɗaya.

Wajen koyarwar kanta ba wani dogon turanci, hular kwano da abin gwiwa da na gwiwar hannu kafin a taɓa katako, sannan ka fara koya musu faɗuwa kafin tafiya, yadda zaka durƙusa ka zube kan abin gwiwa maimakon ka tare ƙasa da tafin hannu ka karye. A riƙe hannun sabon shiga, ƙafa akan ƙusoshin tayoyi, gwiwa a lanƙwashe, ido gaba. Wanda ya riƙe hannun kuma gara ya zama yaron da ya shigo bara. Da ka ga mai ƙwazo ka bashi aji ya taimaka, ka ƙara masa horo, in ya girma ka ɗauke shi aiki da albashi, haka da yawa daga malamansu suka fito. Baƙo yau yana nan gobe bizarsa ta ƙare.

Ba dole sai sket ba fa, kar wani ya ɗauka katakon ne keda albarka. Kurket, wasan nan na buga ƙwallo da sanda, a sansanonin 'yan gudun hijira na Pakistan yaran Afganistan suka koyo shi, yau ga su Rashid Khan na ƙungiyar ƙasar, har sun doke Ostireliya sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta T20, wato gajeren kurket, a 2024. Rohullah Nikpai da taikwando ya ciyo ma ƙasar lambar Olamfik ta farko, tagulla a Beijing a 2008, ya sake a Landan a 2012. A Bamiyan an yi gudun fanfalaki a 2015 da mace 'yar ƙasar a ciki, ana kuma sulun ƙanƙara a tsaunukan wurin. Sai dai ka lura, kurket da taikwando suna jan samari sosai amma sun riga sun zama na maza a idon unguwa, dan haka in 'yan mata kake nema koma kan maganar farko.

Wanda zai yi wannan aikin yau kuma dole ya san ƙasar ba ta 2009 bace. Tun da Taliban suka karɓi Kabul a 15 ga Agustan 2021 an hana 'yan mata wuce aji shida, an hana mata wasanni, a ƙarshen 2022 aka rufe musu wuraren motsa jiki da na shaƙatawa da jami'a. Skateistan da kanta sai da ta dakatar da shirye-shiryenta a lokacin, 'yan wasan kurket da ƙwallon ƙafa mata da yawa suna Ostireliya, Zakia Khudadadi da ta ci tagulla a taikwandon nakasassu a Faris a 2024 da tutar 'yan gudun hijira ta ci. Fim ɗin da akayi akan 'yan matan sket na Kabul ya ci Oscar, babbar lambar yabon finafinai, a 2020, shekara ɗaya da rabi bayan nan ƙofar ta rufe, abin da ciwo wallahi. Abin da ya rage a cikin ƙasar shine yara maza da ƙananan 'yan mata na firamare, sai kuma 'yan Afganistan da ke zaune a waje. Anan shawarata ɗaya ce kuma da ƙarfi nake faɗa, ka rage ɗokin hoto. Kar ka sa fuskar yarinya ko malama a Facebook dan masu bada tallafi su tafa maka, kai kana da fasfo ita bata dashi. Sunaye da adireshin iyaye ma kar su zauna a wayar da za'a iya karɓa a shingen bincike, kuma duk shawarar a buɗe ko a rufe ka barta a hannun ma'aikatanka 'yan ƙasa.

Sai ƙaramin abu da ake mantawa dashi wajen lissafin kuɗi, kayan gyara. Ƙurar Kabul cin ƙarfen cikin taya take kamar me, katako kuma in yara hamsin suna hawansa a sati bazai daɗe ba, kuma ba shago a bayan layi da zaka je ka siyo wani. Dan haka duk wanda yace zai baka kyautar katakai ka roƙe shi ya haɗo da tayoyi da boris, wato ƙarfen nan na cikin taya, da ƙusoshi da takardar nan mai kaushi da ake mannawa a sama, ka koya ma yara biyu uku kwancewa da wankewa da sa mai, ka basu sifana da makullin sito su riƙe, ranar Alhamis kafin a tashi a ƙirga komai a rubuta.