Idan Tagar Manhajar Zane Ta Ɓace Tsakanin Allo Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin zane. Wanda yake aiki da allon kwamfuta biyu ya san yadda tagar Photoshop ko Illustrator takan ɓace bayan an cire allo na biyu, domin manhajar tana riƙe da wurin da aka bar ta, sai ta ci gaba da buɗe ta a allon da babu shi.

A Windows, ku danna Alt da Tab har ku zaɓi tagar, sannan ku haɗa maɓallin Windows da Shift da kibiyar hagu ko ta dama, za ta tsallako. Idan ta ƙi, ku danna Alt da Space, sai harafin M, sai kowace kibiya sau ɗaya, sannan ku motsa linzamin. Tagar za ta biyo shi har gabanku. Wannan ta biyun ce na fi yarda da ita, don ta sha fitar da ni kunya ina tsakiyar aiki.

Ƙananan tagogin kayan aiki kuwa ba sa jin wannan magani. Su sai an shiga jerin Window da ke saman manhajar, a zaɓi Workspace, a danna Reset.

Ku kuma duba ma'aunin girman rubutu (Scale) a saitin allo na Windows, domin idan allo ɗaya yana kan kashi 100 ɗayan kuma 150, taga takan kumbura ko ta tsuke yayin ƙetarawa. Da zarar komai ya zauna daidai, ku adana tsarin ta New Workspace da ke ƙarƙashin Workspace ɗin nan.