Yadda za ka ziyarci yayanka a Kumasi ba tare da aikinka ya tsaya ba

Masu aiki da kwamfuta, irin masu zane, masu lissafin kuɗin kamfani, masu fassara da malaman da ke duba aikin ɗalibai, sukan ɗauka tunda aikin nasu a jaka yake, duk inda suka sauke jakar ofis ya buɗe. Sai mutum ya ce wa oga, "Yallaɓai, zan leƙa Gana wajen yayana mako biyu, amma kullum ina kan layi." Kwana uku da sauka wayarsa ta cika da kiran da bai ɗauka ba, yayan kuma yana ƙorafin ƙaninsa ya zo ya kulle kansa a ɗaki. Aikin bai yiwu ba, zumuncin ma bai yi daɗi ba.

Da farko, raba kwanakin tun kafin ka sayi tikiti. Ranakun hanya da kwana biyun farko bayan sauka, ka neme su a matsayin hutu cikakke, a rubuce. Kada ka yi alƙawarin taɓa komai a cikinsu. In ta mota za ka bi, daga Kano zuwa Legas kaɗai kwana ne a hanya, sannan ga Seme, Kwatano, Lome da Aflawo, iyakoki uku ke nan kafin Akara, daga can kuma akwai kusan kilomita 250 zuwa Kumasi. Wanda ya ce zai tura rahoto daga cikin motar yana yaudarar kansa ne. Jirgi daga Legas zuwa Akara wajen awa ɗaya ne, kuma in ka lissafa ladan kwanakin aikin da mota za ta cinye, sau da yawa tsadar tasa ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Da fasfon Najeriya ba ka buƙatar biza, kana da kwana 90 a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS. Amma katin rigakafin cutar shawara dole ne, kuma sai allurar ta kwana 10 take aiki a takarda, don haka ba abin yi ba ne ana gobe tafiya.

Sai layi. Ka buɗe wa layinka na gida damar aiki a ƙasar waje tun kana Najeriya, saboda lambobin sirrin da banki ke turowa ta nan za su zo. Amma ka kashe datarsa, in ba haka ba kuɗin da ka zuba zai ƙare kafin ka gama gaisawa da jami'an kan iyaka. Na aiki kuwa, ka sa Yaya ya tanadar maka layin Gana da sunansa tun kafin ka iso, don rajistar layi a can da katin ɗan ƙasa take tafiya, baƙo kuma yawo zai sha. Ni na fi son layi biyu na kamfani daban-daban, misali MTN da Telecel, domin unguwa da unguwa ƙarfinsu ya bambanta, har ɗaki da ɗaki. Data kuwa ta MoMo ake saye, wato asusun kuɗi na cikin waya, ka ba Yaya kuɗin a dunƙule ya riƙa tura maka. WhatsApp ɗinka ka bar shi a lambarka ta gida, kada ka taɓa shi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda mutane ke faɗuwa shi ne cikin gidan.

Ka shekara biyar ko goma ba ku haɗu ba. A wurin Yaya zuwanka biki ne, ya riga ya faɗa a masallaci, ya faɗa wa abokan kasuwarsa a Kejetiya, surukansa na Aboabo sun sani, dattijon da ya riƙe shi lokacin da ya fara zuwa Zango ma yana jira a kawo ka. Duk wanda ya ji ɗan Kano ya sauka zai zo jin labarin gida. Ba wanda zai yi waya kafin ya taho. Kana tsakiyar taro da oga sai ka ji sallama a tsakar gida, yaro ya turo ƙofa, "Kawu, wai ka fito Alhaji ya zo." Ka ce Alhaji ya jira? Ba ka isa ba.

Saboda haka maganar nan a daren farko ake yin ta, bayan an ci abinci, kai da shi kaɗai. Kada ka ce "zan ɗan riƙa taɓa aiki", domin abin da zai ji shi ne kana da lokaci. Ka faɗi awannin da baki: "Yaya, daga Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe takwas zuwa azahar ina hannun mutane, albashina ke nan. Daga la'asar kuma duk inda ka ce mu je, naka ne." Sannan ka roƙe shi abu guda: shi ne zai riƙa faɗa wa baƙi, ba kai ba. In kai ka ce kana aiki, girman kai ne, an ce ɗan boko ya zo yana wulaƙanta mutane. In maigida ya ce, "Ku yi haƙuri, yana bakin aiki, da yamma zan kawo shi har gida," an karɓa, har a sa maka albarka. Wannan bambancin shi ne kusan dukkan dabarar.

A daren nan kuma ku zauna ku lissafa gidajen da dole a taka. Za su fi yadda kake zato. Ku jera su, dattawa da surukai a kwana biyun farko da ka ɗauki hutu, sauran a Asabar da Lahadi. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ka riga ka je ka gaishe shi ba zai faɗo maka da hantsi ba. In duk da haka babba ya zo, kashe makirfo, fito, durƙusa ka gaishe shi sosai, ka tambayi iyali, minti biyar, Yaya ya sallame ka. Kada ka leƙo da abin sauraro a kunne kana ɗaga hannu, gara ma ba ka fito ba.

Matar Yaya kuma ka yi mata bayani da kanka, daban. Shi zai fita kasuwa, ita ce a gida, ita ce za ta aiko da koko da ƙosai daidai lokacin da ka fara magana, ta sake aiko da wake da shinkafa, ta ji shiru ta ɗauka abincin ne bai yi maka ba. Ce mata, "Anti, in kin ga ƙofar a rufe a ajiye min kawai, zan ci." Kuma ka ci ɗin. Yara kuwa ba a yi musu doka, alƙawari ake musu: bayan la'asar wayar Kawu tasu ce rabin awa.

Kada ka yi aiki a falo. Ko gidan haya ne mai ɗaki biyu, nemi lungu mai ƙofa, ko ka tambayi Yaya wani abokinsa mai shago ko ofis da ke da kujerar da ba kowa da safe.

Agogo: Gana tana bayan Najeriya da awa ɗaya. Taron ƙarfe tara na Abuja ƙarfe takwas ne a Kumasi. Wayarka za ta gyara kanta, kwamfuta wani lokaci ba ta yi, kai kuma kanka zai rikice, don haka duk alƙawarin da za ka yi ka rubuta "agogon Najeriya" a gabansa. Ribar ita ce ofis na tashi ƙarfe huɗu, kai uku ce a wajenka, yammacin duka naka ne. Juma'a kada ka karɓi taro bayan sha ɗaya, Yaya zai so ku tafi masallaci da wuri don ya nuna ka.

Wuta ta fi ta gida tsayawa, amma ana ɗaukewa, har suna suka sa wa abin, dumso. Ka tafi da fawa bank babba, ka yi cajin komai da dare. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, ba sai ka sayi komai ba. Aiki mai nauyi ka sauke shi a kwamfuta tun daga gida.

Kwana biyun ƙarshe ma ka cire su daga aiki, na sallama ne da sayen tsaraba, kuma sallamar Zango ba ta ƙarewa da wuri. Ka miƙa duk abin da ke hannunka kafin nan, ka faɗa wa abokin aiki ɗaya inda ka tsaya. Ka shirya isa gida ranar Asabar, ba daren Lahadi ba, musamman in ta Seme za ka dawo. Ragowar sidin da ke aljihunka, wato kuɗin Gana, ka canza shi tun a can ko ka raba wa yaran gidan, don a Kano sai ka sha yawo kafin ka sami mai karɓa da daraja.